RIJIYAR WATA: TUN BA A JEFA GUGA BA AN FARA KAFA SHINGE

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, masu rumfa da masu talla, ku matso ku ji labarin wani ciniki da ba a taɓa ƙulla irinsa ba a kasuwar kowane gari. Cikin watan Disamba na 2020, hukumar Amurka mai kula da tafiye-tafiyen sararin sama, wadda a ke kira NASA, ta yi shela cewa ta yi cinikin turɓaya da kamfanoni huɗu. Turɓayar kuwa ba a nan duniya ta ke ba, tana can bisa wata, wannan dai watan da mu ke gani a sama da dare. Sharaɗin cinikin shi ne kamfani ya aika da na'urarsa can, ta ɗebi abin da bai wuce rabin kilo ba, ta ɗauki hotonsa, sa'an nan a rubuta cewa kaya sun tashi daga hannun kamfani sun koma hannun NASA. Ba a ce a kawo kayan gida ba. Kuɗin kamfanonin huɗu in an tara dala 25,001 ne. Wannan dala ɗaya da ta yi saura a ƙarshen lissafi ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Ɗaya daga cikinsu, Lunar Outpost, dala ɗaya tak ya yi wa kayansa kuɗi. A watan Agusta na 2021 shugaban NASA na lokacin, Bill Nelson, ya tsaya gaban taro ya miƙa wa mai kamfanin cek na santi 10, watau ushirin kuɗin, kafin alƙalami.

Wanda ya ji sai ya yi dariya. Mu ba mu yi ba. Duk ɗan kasuwar da ya ji an sayar da kaya dala ɗaya, alhali kuɗin zuwa inda kayan su ke ya haura miliyoyi, ya san ba kayan a ke saye ba. Hujja a ke saye. So a ke a ce ran nan an taɓa ɗiba, an taɓa sayarwa, ba wanda ya hana, saboda haka ya halatta. Shugabannin hukumar ma ba su ɓoye wannan nufi ba. Kuma ba turɓaya ce a ransu ba. Ruwa ne.

YADDA AKA GANO RUWAN

Kafin mu zo ga rigimar, bari mu faɗi yadda aka yi aka gano ruwan, domin ku san wanda ya sha wahalar nema.

Turawan da, da suka fara duban wata da madubin hangen nesa, sun ga baƙaƙen wurare shimfiɗe a fuskarsa, suka kira su tekuna. Wani masani na Italiya, Riccioli, shi ya raɗa musu sunaye a 1651, har yau kuwa da su a ke amfani. Cikin ɗayansu, Tekun Natsuwa, Amurkawa suka sauka a 1969. Ba su sami ko ɗigo ba. Ashe tekun nan narkakken dutse ne da ya malala tun zamanin zamanai ya daskare. Daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 suka taka wata, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382. Masana suka auna, suka ce wata busasshe ne ƙayau. Ɗan danshin da suka gani a cikin duwatsun suka ce na iskar duniyarmu ne da ta kutsa cikin akwatunan. Dalilinsu ba na banza ba ne: wata ba shi da iska, kuma zafin ranarsa a tsakiya ya fi na tafasasshen ruwa, in ka zuba ruwa nan take zai zama tururi ya gudu.

Amma tun 1961 waɗansu masana uku na Kalifoniya, Watson da Murray da Brown, sun ce a dakata. Suka ce duniyarmu a karkace ta ke juyawa, karkata ta wajen digiri 23 da rabi, shi ya sa mu ke da rani da damina, rana ta leƙa nan ta leƙa can. Wata kuwa kusan a tsaye ya ke, karkatarsa digiri ɗaya da rabi ce kawai. Saboda haka a ƙuryarsa ta arewa da ta kudu rana ba ta taɓa hawa tsaka. Kullum tana bin gefen ƙasa, kamar yadda mu ke ganinta dab da faɗuwa. Ku dubi rijiya mai zurfi: sai da tsakar rana haske ke ganin gindinta. To, can babu tsakar rana. Akwai ramukan da hasken rana bai taɓa gindinsu ba shekaru miliyoyi barkatai, sanyinsu ya kan wuce digiri 230 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Duk ɗigon da ya faɗa ciki ya zama ƙanƙara, ba shi da sauran hanyar fita. Magana ce mai hankali, amma ba wanda ya je wuraren, gama 'yan Apollo duk nesa da ƙuryoyin suka sauka.

A 1976 kumbon Rasha, Luna 24, ya haƙa kusan mita 2 cikin ƙasar wata, ya kawo giram 170. A 1978 masanan Rasha uku suka buga takarda cewa sun ga alamar ruwa a ciki, kashi ɗaya cikin dubu. Takardar ta kwanta, ba wanda ya bi ta kanta. An riga an yanke hukunci cewa wata busasshe ne, wa zai tada shari'ar da manya suka rufe?

Sai a 1994 kumbon Amurka mai suna Clementine ya harba igiyar rediyo cikin ramukan kudu, ta dawo da alama mai kama da ta ƙanƙara. Aka yi ta gardama. A 1998 wani kumbon, Lunar Prospector, ya gano iskar haidurojin ta taru a ƙuryoyin biyu, ita kuwa ɗaya ce daga cikin abubuwa biyun da su ke haɗuwa su zama ruwa. A 1999 aka maka kumbon da gangan cikin wani rami a kudu ko tururi zai tashi. Ba a ga kome ba.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A 2008 wani malami a Jami'ar Brown, Alberto Saal, ya sake auna ƙananan duwatsu masu kama da gilashi da 'yan Apollo suka kawo tun shekaru talatin da ɗoriya, da ma'auni mafi kyau, sai ga ruwa kulle a cikinsu. Kayan suna ajiye a ɗaki duk shekarun nan, hujjar tana ciki. A shekarar dai Indiya, ƙasar da manya ba su sa ta a lissafi ba, ta harba kumbonta na farko zuwa wata, Chandrayaan-1, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba. Ya ɗauki wata na'urar NASA mai karanta hasken da ƙasa ke mayarwa. A watan Satumba na 2009 aka yi shela cewa na'urar ta ga alamar ruwa manne da ƙurar wata a wurare masu faɗi.

Makonni biyu bayan haka, ran 9 ga Oktoba 2009, aka yi gwajin da ya kashe bakin masu musu. Amurkawa suka saki gangar roka wadda babu kome a ciki, mai nauyin fiye da tan 2, ta faɗa ramin Cabeus da gudun kilomita 9,000 cikin sa'a. Ƙura ta tashi har ta kai inda hasken rana ya ke. Wani ƙaramin kumbo, LCROSS, yana biye da tazarar minti huɗu, ya ratsa ƙurar, ya auna, ya aiko da labari, shi ma ya faɗa ya tarwatse. Abin da ya gani ya kai kilo 155 na tururi da ƙanƙara. Masana suka lissafa cewa ƙasar wurin wajen kashi 5 cikin 100 ruwa ce. A 2018 Shuai Li na Jami'ar Hawai ya koma ga tsohon lissafin da kumbon Indiya ya aiko, ya nuna ƙanƙara a fili bisa ƙasa cikin inuwar ramukan. Sin ma ta kawo ƙasar wata a 2020, masananta suka sami ruwa a ciki.

To, jama'a, ku sake duba jerin nan. Kuɗin wa aka kashe? Na masu biyan haraji a Amurka da Rasha da Indiya da Sin, da direba da malamin makaranta da mai saƙa. Malaman jami'a suka yi shekara arba'in da wani abu suna gardama, aka buga sakamakon a fili kowa ya karanta kyauta. Babu kamfanin da ya gano ruwan wata. Yanzu da aka gano, ga su sun iso da takardun lauya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

RUWAN KAƊAN NE, WURAREN KUMA ƘIDAYAYYU

Kada wani ya ruɗe ku da labarin tafkuna. A 2020 wani jirgin sama mai ɗauke da madubin hangen nesa, SOFIA, ya gano ruwa har a inda rana ke haskawa, cikin ramin Clavius. Amma nawa ne? In ka haƙa rami mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, ka matse ƙasar duka, abin da za ka samu bai wuce kwalbar lemo ɗaya ba. NASA da bakinta ta ce rairayin Sahara ya fi wurin ruwa sau 100. Rijiyar gaskiya tana cikin ramukan duhu. A 2010 an yi ƙiyasin ƙanƙara tan miliyan 600 cikin ramuka fiye da 40 a arewa, waɗansu masana kuwa suka ce an yi zuƙu. Har ƙarshen 2025 babu na'urar da ta shiga ta ɗebo ƙanƙarar nan ta auna. Luna 25 na Rasha ya tarwatse a watan Agusta na 2023. Kwanaki huɗu bayansa Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka lafiya a kudu, amma da sauran tafiya tsakaninsa da ramukan. A watan Maris na 2025 wani kumbon kamfanin Amurka mai ɗauke da abin haƙa ya sauka ya kife a gefensa. Kamfanoni huɗun nan na cinikin turɓaya kuwa, har ƙarshen shekarar babu wanda ya cika alkawari, ɗaya ma ya karye tun 2022.

Sa'an nan ba kowane rami ne zai yi amfani ba. Mai haƙa yana bukatar abu uku a wuri ɗaya: rami mai duhu inda ƙanƙara ta ke, tudu kusa da shi inda rana ke daɗewa domin ya sami lantarki, da wurin da zai riƙa hango duniya domin rediyonsa ya kai gida. Irin wannan wuri ƙidayayye ne. Mafi shahara shi ne ramin Shackleton, mai faɗin kilomita 21 da zurfin fiye da kilomita 4, wanda tuddan bakinsa su ke samun rana mafi yawan shekara. A 2022 NASA ta zaɓi wurare 13 inda ta ke so ta sauke mutanenta, duk a gewayen ƙuryar kudu, a 2024 ta rage su zuwa 9. Masanan Sin ma da suka zana wuraren da su ke so, waɗansu suka faɗa kan na Amurka. Kowa a cikinku ya san faɗin kasuwa ba shi ne magana ba. Rumfunan bakin ƙofa guda nawa ne, kuma hannun wa su ke?

Me ya sa a ke rububin ruwan da bai taka kara ya karya ba? Saboda tsadar dako. Wani kamfanin Amurka, Astrobotic, ya taɓa buga farashinsa na kai kaya wata: dala miliyan ɗaya da dubu 200 kowane kilo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ku yi lissafi da kanku: garwa ɗaya ta ɗan garuwa, mai cin lita 18, in za a kai ta can ta haura dala miliyan 20. Kuma ba don sha kaɗai ba. In aka sa wa ruwa lantarki ya kan rabu biyu, iskar oksijin ta numfashi da iskar haidurojin, su biyun kuwa su ne man da waɗansu manyan rokoki su ke sha. Tashi daga wata ya fi tashi daga duniya sauƙi nesa ba kusa ba, gama abin da ya yi nauyin kilo shida a nan kilo ɗaya ne a can. Wanda ya riƙe ƙanƙarar ya riƙe gidan mai ɗaya tilo a kan hanyar da kowa zai bi nan gaba. Shi zai yanka farashi, shi zai ce wane ya sha, wane ya koma.

ABIN DA AKA SA WA HANNU, DA YADDA A KE ZAGAYE SHI

A 1967, tun kafin kowa ya taka wata, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Amurka ta sa hannu, Rasha ta sa, Ingila ta sa, Nijeriya ta shiga, daga baya Sin ma ta shiga, har suka haura ƙasashe 110. Sashe na farko ya ce binciken sararin sama da amfani da shi don amfanin dukan ƙasashe ne, mai arziki da matalauciya. Sashe na biyu ya ce babu ƙasar da za ta mallaki wata, ko da kafa tuta, ko da zama, ko da amfani, ko ta kowace hanya. Magana ta fito sarai. A 1979 aka ƙara wata yarjejeniyar, ta wata musamman, wadda ta ce arzikin da ke cikinsa gadon 'yan Adam ne duka, kuma in lokacin haƙa ya zo sai an kafa tsari na duniya da zai raba amfanin da adalci, a tuna da ƙasashe masu tasowa. Nan fa manya suka noƙe. Amurka ba ta shiga ba, Rasha ba ta shiga ba, Sin ba ta shiga ba. Waɗanda suka shiga ba su taɓa wuce 18 ba, Saudiyya kuma ta ba da sanarwar fita a 2023.

Daga nan sai aka koma zagaye. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka da ta ce Ba'amurken da ya haƙo wani abu a sararin sama nasa ne, ya riƙe, ya ɗauka, ya sayar. Luksambur, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ta yi irin dokar a 2017 domin kamfanoni su zo su yi rajista a wurinta. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bi a 2019, Japan a 2021. A watan Afrilu na 2020 Shugaba Trump ya fitar da umurni cewa Amurka ba ta ɗauki sararin sama a matsayin makiyayar kowa da kowa ba, kuma ba ta yarda da yarjejeniyar 1979 ba. Ku lura, shugabannin nan biyu ba sa ga maciji da juna, jam'iyyunsu daban, amma a kan wannan bakinsu ɗaya. A watan Oktoba na 2020 aka fito da wata takarda mai suna Artemis, ƙasashe 8 suka fara sa hannu, zuwa 2025 sun wuce 50. Takardar ta ce ɗibar arzikin wata ba mallakar wata ba ne. Ta kuma ce mai aiki a wuri ya iya shata wani yanki a gewayensa, wai yankin kiyaye haɗari, ya sanar da sauran domin kada su kutsa.

Watau rijiyar ba tasa ba ce, ruwan ciki ne nasa, bakin rijiyar kuma kada kowa ya matso. Mu dai a garinmu wannan shi a ke kira mai rijiya.

Za su ce da mu, ai masunci ba shi ya mallaki teku ba, amma kifin da ya kama nasa ne. Wannan ita ce babbar hujjarsu, kuma ba za mu ce wofi ce ba. Mu 'yan kasuwa ne, ba mu ƙi wanda ya zuba jari ya ci riba ba, wanda ya yi kasadar dukiyarsa ya kai na'ura can ya cancanci ladansa. Amma kifi yana haihuwa, teku kuma tana da faɗi, in na jefa taru a nan kai ka jefa a can. Ƙanƙarar wata ba ta haihuwa. Ta taru ne ɗigo-ɗigo cikin dubban miliyoyin shekaru, daga taurari masu wutsiya da duwatsun da suka faɗo, da iskar da rana ke hurawa, da aman duwatsun watan kansa. Rijiya ce marar ido, abin da aka kwashe ya tafi ke nan. Ban da haka masana suna so su karanta ta kamar littafi, domin tana iya nuna inda ruwan duniyarmu ya samo asali. Wanda ya ƙone ta a bututun roka ya ƙone littafin tun ba a buɗe ba.

Za su kuma ce yankin kiyaye haɗari dole ne. Gaskiya ne akwai haɗari. Da ya ke babu iska, ƙurar da roka ta tayar wajen sauka ta kan tafi kamar harsashi. A 1969 kumbon Apollo 12 ya sauka wajen mita 160 daga wani tsohon kumbo, Surveyor 3, ƙurarsa ta kankare jikin tsohon. Ba mu musa ba. Tambayarmu ita ce, wa zai auna faɗin yankin? Mai shi. Wa zai ce ya ƙare? Takardar ta ce na ɗan lokaci ne, sai aiki ya ƙare. To, in aikin haƙar ma'adini ne na shekara hamsin fa? Babu alƙali, babu sarkin kasuwa, babu inda wanda aka tare wa hanya zai kai ƙara.

Kada kuma wani ya zaci muna wanke ɗaya ɓangaren. Sin da Rasha sun ƙulla nasu ƙawancen a 2021 domin kafa tasha a wata, su ma idonsu na kan kudu, su ma suna neman ƙasashe su bi bayansu. A farkon 2023 Bill Nelson, mai cek ɗin santi 10, ya yi kashedi cewa Sin tana iya riga kowa zuwa ta ce wurin nata ne, kowa ya ja da baya. Kura na ce wa kare maye! Kowannensu yana tsoron ɗan'uwansa zai yi abin da shi ya ke shirin yi.

INA RUWANMU?

Mun san abin da wani zai faɗa a bakin rumfa: mu da mu ke sayen ruwa garwa-garwa, ina ruwanmu da ƙanƙarar da ke nesa da mu kilomita 384,000? Kakanninmu ma da an gaya musu a 1884 cewa wakilan ƙasashe 14 sun zauna a wani gari wai shi Barlin, da sun ce ina ruwansu. Babu Ba'afirke ko ɗaya a teburin. Abin da aka rubuta a can game da gaɓar tekun Afirka shi ne wanda ya kama wuri ya sanar da sauran, ya kuma nuna yana da ƙarfin riƙe shi. Ku sake karanta ƙa'idar yankin kiyaye haɗari, ku gaya mana ko biri bai yi kama da mutum ba. A arewacin ƙasarmu ma kamfani ne ya fara zuwa da takardar izini a 1886, tuta ta biyo baya a 1900. Gaskiya ne babu mutane a wata da za a ƙwace wa gona. Amma dokar da a ke rubutawa yau ita za ta hau kan jikokinmu ran da suka sami ƙarfin zuwa. Indiya da aka raina ta je. In namu suka isa suka tarar an rabe wuraren tun kafin a haife su, ihu bayan hari za su yi.

Kuma ruwanmu ya riga ya shiga, gama an sa hannu da sunanmu. Ran 13 ga Disamba 2022, a Washintin, Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka shiga takardar Artemis. Takardar ta siyasa ce, ba irin yarjejeniyar da sai majalisa ta tabbatar ba. Ba mu ce zama a teburin laifi ne ba, wanda ba ya nan aka yi rabo ba da shi. Amma kowane hannu da aka ƙara, ƙarin shaida ne ga masu cewa duniya ta yarda a ɗiba a sayar. Mun ba da shaidarmu. Me muka karɓa, kuma wane sharaɗi muka gindaya?

Hanyar adalci ba mafarki ba ce, an taɓa yin ta. A dokar teku ta 1982 an ce ma'adinan ƙarƙashin teku mai zurfi gadon kowa ne, aka kafa hukuma a Jamaika mai ba da izini. Mai son haƙa a madadin ƙasa mai arziki sai ya auno fili mai isar mutum biyu, ya raba, hukuma ta zaɓi rabi ta ajiye domin ƙasashe masu tasowa. Rabon da kowane yaro ya sani ne, wanda ya yanka ba shi ke fara ɗauka ba. Amurka ta ƙi tabbatar da dokar, a 2025 ma shugabanta ya ba da umurnin a ba kamfanoni izinin haƙa ba tare da hukumar ba, wannan kuwa ya isa ya nuna mana abin da ke jiran wata. A Antatika, ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, manyan ƙasashen nan dai da kansu suka yarda a 1991 a hana haƙar ma'adini ɗungum, a bar wa masu bincike.

Akwai kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sararin sama, yana zama a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Nijeriya kuwa tana da kujera a ciki. A 2021 ya kafa ƙaramin kwamiti domin ya duba wannan magana ta arzikin sararin sama, aka ɗibar masa wa'adi zuwa 2027. Can ne wurin magana, magana kuwa ba ta bukatar roka. Muna so wakilinmu ya tashi, ya nemi sauran wakilan Afirka su tashi tare da shi, ya ce duk shingen da za a kafa a wata sai wani wanda ba mai shingen ba ya auna faɗinsa, a rubuta ranar da za a cire shi. Ya ce a keɓe waɗansu ramuka kada a taɓa su sai masana sun gama karatunsu, kuma cikin wurare masu kyaun nan ƙidayayyu a ajiye rabo domin waɗanda ba su iso ba tukuna, kamar yadda aka yi a teku. In manya suka ƙi, su ƙi a gaban kowa, a rubuta sunan wanda ya ƙi.

Ku kuma, ran da ɗan majalisarku ya zo kasuwa neman ƙuri'a, bayan kun tambaye shi famfon unguwa, ku ƙara masa da wannan: me wakilinmu ya faɗa a Biyana? Ya kawo mana jawabin a rubuce, mu za mu juya shi da Hausa mu buga a wannan shafi.